Majo mai zuwa gida bayan sallamar tsoho daga asibiti

A Yamai akwai ƙananan kabine, wato wuraren kiwon lafiya masu zaman kansu, da ke tura majo (ma'aikacin jinya) gida ya duba tsohon da aka sallamo. Aikin ya cancanci kuɗinsa, musamman a satin farko, lokacin da tsofaffi da yawa ke sake komawa gadon asibiti.

Aikin hannu suna yinsa da kyau. Wankin miki, allura, awon tansiyo da na suga, duk babu laifi. Majon kirki yakan ɗaga zanen tsoho ya duba ƙugu, gindin baya da diddige. Jan da aka danna da yatsa bai yi fari ba, gyambon kwanciya ne ya soma, sai a riƙa juya mutum kowace awa 2. Yakan kuma saukar da jakar fitsari ƙasa da mara, don idan aka ɗora ta bisa gado fitsari na komawa ciki da ƙwayoyin cuta.

Inda suke ɗingishi shi ne magani. Da yawa ba sa cewa a zazzage ledar gaba ɗaya a gwada da sabuwar takardar likita. Sai ka tarar tsohuwa na shan Lasilix da furosemide tare, alhali abu guda ne mai suna biyu, maganin da ke sa yawan fitsari. A zafin Afrilu, ana sama da digiri 40, ruwan jiki ya ƙare, jiri ya kayar da ita a hanyar bayi. Haka mai shan glibenclamide, maganin ciwon suga, da ya daina cin abinci: suga na faɗuwa ƙasa da 0,70 g/L, ya yi gumi ya rikice, 'yan gida su ce tsufa ne. Wannan na ci mini rai, don minti 10 sun isa a kauce masa.

Sau da yawa ba sa barin rubutu, yau wannan majo, gobe wani. Ku saye kaye, wato littafin rubutu, ku sa kowa ya rubuta awo da kwanan wata. Mai ciwon zuciya a auna nauyinsa kowace safiya. Ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3, ko ya kasa kwanciya sai a jingine, a kai shi wurin likita ranar. Mai shanyewar ɓarin jiki kuwa, ku nemi majo ya tsaya ya ga yadda yake haɗiye kunu, yana zaune tsaye, kuma kada a kwantar da shi sai bayan minti 30.