Lambar QR: ta bugawa da ta allon waya

Hajiya, kin tambaya ko lambar QR ɗin da kike sakawa a status na WhatsApp za ta yi a sitikar kwalaben turarenki. Lambar, wato zanen ɗigo-ɗigon nan da ake ɗauka da kyamarar waya, ɗaya ce, amma kowane waje da irin shirin da yake so.

Ta bugawa ita ce mai wuyar sha'ani, don in an buga dubu babu sauran gyara. Kada ta gaza santimita 2 a kowane gefe. Masu zane sukan raba nisan mai ɗauka gida goma: allon talla da za a ɗauka daga mita 3, lambarsa ta kai santimita 30. A waya kuwa, mutum ya buɗa hoton da yatsu biyu, shi ke nan.

Mai bugawa ki ba shi fayil nau'in SVG ko PDF, don ko an ƙara girmansu ba sa dushewa. PNG ya wadatar a allo. Kada ki tura masa a matsayin hoto, WhatsApp na matse hotuna.

Kamfanin Denso Wave na Japan da ya ƙirƙiro QR a 1994 don bibiyar sassan mota ya yi mata matakai huɗu na jure lalacewa: L kashi 7 cikin ɗari, M 15, Q 25, H 30. Kwalba tana shan maiƙo da gogayya, sai ki zaɓi Q ko H. A allo M ya isa. Sai dai hawa mataki na ƙara cunkoson ɗigo, don haka ki taƙaita adireshin intanet da ke cikin lambar. Ki guji leda mai sheƙi, kuma kada lambar ta naɗe jikin siririyar kwalba. Kwali ya fi.

Duka biyun suna son farin fili a kewaye, faɗin ɗigo huɗu, da launi mai duhu a kan mai haske. Na san ruwan gwal ya dace da turare, amma kyamara ba ta ƙaunarsa.

Matsalar ta allo daban ce: wadda ke kallon status ɗinki, wayar da za ta ɗauki lambar ita ce a hannunta. Ki rubuta adireshin a ƙasa ta danna kawai.

Kafin a buga duka, ki sa a fitar da ƙwaya ɗaya, ki manna a kwalba, ki gwada da tsohuwar waya da daddare.