Ɗan injin jajjage mai igiya: ya yi min ƙosan ɗanyar masara ba ƙwai, ya kunyata ni ranar walima

Wannan ɗan injin jajjagen da ya cika sitatus ɗin masu kayan kicin, wanda ake jan igiyarsa kamar za a tayar da janareta, na saye shi farkon damina wajen wata mai sayar da kaya ta WhatsApp. Kun san kuɗinsa, kun kuma san yadda suke ɗora na ɗan aike a kai. Ba don attaruhu da albasa na saya ba, turmina yana yi min wannan. Don masara na saya.

Ɗana na biyu ƙwai ba ya karɓarsa. Ko ɗan kaɗan ya shiga bakinsa sai borin jini ya feso masa, leɓe ya kumbura, kuma likita ya ce a nisanta shi da duk abin da aka sa wa ƙwai. Wadda ba ta da irin yaron nan ba za ta san yadda ƙwai ya shiga ko'ina ba. Kek, cincin, wainar fulawa, har ƙosai yanzu wasu sai sun fasa ƙwai a ciki, alhali iyayenmu bugu kawai suke ba ƙullun wake ya tashi. Duk bidiyon ƙosan masara irin na Amurka da na kalla, da ƙwai da madara da fulawa suke haɗawa. Amma Indiyawa suna soya nasu da garin wakensu ba ƙwai, kuma yana kamawa. Don haka na san abin zai yiwu, matsalata markaɗe ce.

In kika kai ɗanyar masara injin unguwa, sai ya zuba mata ruwa, ya laushe ta tiɓis, ta dawo miki da ƙanshin tattasan wadda ta riga ki. Ƙullun ya tsinke, ya yi ta shan mai. Bilanda ma ba ta juyawa sai da ruwa, ga wuta ba tabbas, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ba mai tayar da janareta don gwangwani uku na masara. Abin da nake nema shi ne wanda zai farfasa ƙwayar ba tare da ko ɗigon ruwa ba.

Ranar da na fara gwada shi, wallahi sai da na yi hamdala a fili. Na yanke ƙwayar daga jikin totuwa, na juya bayan wuƙa na kankare totuwar, wannan farar madara mai kauri ta gangaro cikin roba. Ita ce sirrin, kada ki yar da totuwa ba ki kankare ta ba. Sitaci ne a cikinta, da ya ji zafin mai sai ya kumbura ya ɗaure ƙullun, wato aikin da ƙwai yake yi. Na zuba masarar a injin, ja 'yan kaɗan sai ga ta ta farfashe, ba ta yi laushi ba, ba ta kuma bar guda ba. Ƙullun ya fito da kauri, in kika ɗebo a cokali yana zaune abinsa ba ya zuba. A gwangwani 3 na masara nake sa rabin gwangwanin fulawa da cokali 2 na alabo, don masara ba ta da danƙon da alkama take da shi. Sai jajjagen attaruhu da albasa, lawashi, 'yar citta, dunƙule. Gishiri da ƙaramin cokali 1 na bakin hoda sai mai ya yi zafi nake sawa, saboda gishiri yana janyo ruwa daga jikin masara da albasa, bakin hoda kuma in ya daɗe a jiƙe ƙarfinsa yana tafiya. Mai ya kai wajen digiri 170 zuwa 180, ko ki ɗiga ƙullu ki ga ya taso nan take da 'yan kumfa a gefensa.

Ya fito ja-ja-ja, gefen yana ƙaras-ƙaras, cikin da taushi da zaƙin masara. Yaron nan ya zauna cikin 'yan uwansa a faranti ɗaya, ba wanda ya ce masa "kai ban da kai". Ni kaɗai na san abin da na ji a raina.

Masarar ma sai an zaɓa. Ki yaye ɓawon ki sa farce a ƙwaya ɗaya: in farin ruwa ya tsarto, ita ce, in ruwan garau ne ba ta ƙosa ba, in farcen ya lotsa ta kawai ba abin da ya fito, ta gasawa ce ko ta tuwo. Wajen mako uku bayan ta fitar da gemu take kai wa nan, kuma ba ta daɗewa a haka. Da an karye ta zaƙinta yake fara komawa sitaci, shi ya sa wadda ta kwana a kasuwar 'Yan Kaba ba ta kai wadda aka karyo da safe ba. Ta noman ranin Kura da Kadawa ma tana yi, amma ta damina ta fi ruwa a bakina.

To a wannan lokacin, in da a nan na rubuta sharhin nan, da ba abin da za ku ji sai yabo. Na yi ta tallarsa a kyauta. Maƙwabtana sun saya ta dalilina, abin da yake ci min rai ke nan yanzu.

Sai walimar saukar 'yar yayan maigidana ta taso. Hajiyarmu ta taɓa ɗanɗana ƙosan, ita da bakinta ta ce, "'Yata, ranar walima irin wannan na masarar za ki yo mana." Ƙanin maigidan ya aiko da masara daga Saminaka, karyar jiya da yamma, gemunta bai ma gama bushewa ba. Ni da ƙanwata muka tashi tun asuba muna ɓarewa muna yanka, babbar roba ta cika. An ce a kai abinci kafin azahar. Muka fara jajjage, muna juyewa muna sake zubawa, don cikin injin ba shi da girma. Ba mu ci rabin robar ba, na ja igiyar sai ta biyo hannuna gaba ɗayanta, ta yi laƙwas ta ƙi komawa. Na girgiza, na bubbuga, shiru.

Murfin ba shi da noti ko ɗaya, a manne yake. Ƙanwata ta sa bakin wuƙa ta ɓamɓare shi, kuma abin da na gani a ciki ya fi tsinkewar igiyar ɗaga min hankali. Sifirin ɗin ya yi jajawur da tsatsa. Haƙoran robar da ke juya wuƙaƙen sun cinye. Ɗan ƙullin da ya riƙe igiyar a wata 'yar siririyar roba yake, ta ɓalle. A ƙasan murfin kuma ga wani baƙin ruwa kwance yana wari, ruwan wanke-wanke ne da yake shiga ta ramin igiyar ba shi da hanyar fita sai ta ƙasa, ta wajen da sandar wuƙa take shiga. Wato cikin abinci yake ɗiga. Yaron da nake karanta bayan kowace leda saboda shi, nake hana shi karɓar ko alewa a hannun baƙo, ashe ga abin da yake sauka a ƙosansa. Ba takarda a kwalin da ta ce kada murfin ya taɓa ruwa, mai kayan ba ta faɗa ba, kuma ina amfanin kayan kicin da ba a wanke shi?

Nan take na zubar da wanda muka riga muka jajjaga, ban iya kai wa mutane shi ba. Na kira mai kayan.

"Hajiya ina kwana, injin nan fa igiyarsa ta tsinke, kuma cikin murfin duk tsatsa."

"Ayya Hajiya, sannu. Me kika sa masa?"

"Ɗanyar masara."

"Ai shi ya sa. Ba a sa masa abu mai tauri."

Masarar da farce yake fasawa! A bidiyon da ta turo min kafin in biya, nama take niƙawa da shi, da karas, da gyaɗa. Na tuna mata, sai ta ce bari ta yi wa mai kawo mata kaya magana. Na tura mata hoton cikin murfin, ta buɗe ta gani, ba ta ce uffan ba. Da na sake kira daga baya, amsar ita ce kaya in ya fita ba ya dawowa, amma in ina son wani za ta yi min ragi. Ragi a kan abin da ya kusa sa min yaro ciwo.

Muka koma turmi, lokaci yana ta tafiya. Ɗanyar masara ba ta zama a turmi, santsi gare ta, kina kai taɓarya tana tsalle waje, madarar tana fantsama a zani, itacen yana shanye sauran. Duk ƙoƙarinmu wasu ƙwayoyin sun tsira ba su fashe ba, kuma a nan haɗarin yake. Ƙwayar da ba ta fashe ba ruwa ne ƙunshe a cikin fata. Ta shiga tafasasshen mai, ruwan ya zama tururi, ba ƙofa, sai ta yi bindiga. Ƙanwata tana juyawa da matsami sai muka ji fas, mai ya watso mata a wuyan hannu da kumatu, kaɗan ya rage ya samu ido. Masu shigowa taya aiki wannan ta ce a barbaɗa gishiri, waccan ta ce man goge baki. Ruwan sanyi kawai muka yi ta kwarara mata wajen minti 20 yadda ma'aikatan lafiya suke cewa, duk da haka wajen ya tashi. Yarinya budurwa, har yau da tabon a fuskarta, kullum na kalle ta sai raina ya ɓaci.

Kafin mu dawo kan kasko ƙullun ya saki ruwa, bakin hodar ta mutu. Abin da ya biyo baya ya fito a baje, ya sha mai, wasu suna wargajewa a cikin kaskon. Sai bayan la'asar na isa gidan da abin da bai kai rabin alƙawari ba, an riga an raba abinci, facalolina kowace kularta ta koma wanke. Hajiya ta buɗe ta duba, ta ce, "Sannu 'yata, Allah ya yi albarka." Ba ta ƙara komai ba. Da faɗa ta yi min da ya fi min sauƙi.

Tun daga ranar sauran abubuwan da na yi ta kawar da kai a kansu suke dawo min. A bidiyo ya yi girma, da ya zo gwangwani biyu yake ɗauka da ƙyar. Mai kayan ta ce wuƙaƙen ba sa tsatsa, ga ɗigo-ɗigon ja a gindinsu tun ba a je ko'ina ba. Zoben robar da ke hana shi zamewa a ƙasa ya fita tuntuni, sai na matse shi a cinya nake ja. Ta ce ɗan Turkiyya ne, kwalin ko sunan kamfani babu. Ɗan aikenta ma sai da ya shanya ni yini guda, ya zo ya ce in ƙara masa na mai.

Ba zan ɓoye gaskiya ba, a kan yadda yake farfasa masara har yanzu ban ga abin da ya yi min kamarsa ba, kuma abin haushin ke nan. Dabarar mai kyau ce, aikin ne na ha'inci. Mai gyaran janaretan bakin layinmu ya sa masa wata igiya, ya goge sifirin ɗin ya naɗe shi, yana ja. Amma ban sake yarda abincin ɗana ya shiga cikinsa ba, na kuma bi maƙwabtan da suka saya ɗaya bayan ɗaya na ce su buɗe murfin nasu su duba. Ɗaya ta samu irin ruwan nan.

Yanzu abin goga kuɓewa nake amfani da shi, ɓangaren manyan ramuka. Ki riƙe masarar da totuwarta ki goga a cikin roba mai faɗi, ƙwaya tana fashewa madara tana sauka tare, ba wadda take tsira balle ta yi bindiga a mai. Yana cin lokaci, yana cin yatsa in ba ki kula ba, ƙullun kuma ya ɗan fi laushi, don haka nake ƙara cokali ɗaya na alabo. Na gida yana isa, na taro kuwa sai kin samu masu taya ki. In har sai kin sayi mai igiyar, ki juya murfin ki ga akwai notin da za a kwance a wanke a shanya, ki kuma riƙe shi a hannunki kafin ki tura kuɗi. Ita kuwa mai kayan, jiya ma na ga ta sake ɗora wannan bidiyon na nama da gyaɗa, ta rubuta wai saura kaɗan ya ƙare.