Jarrabawar AWS Solutions Architect: ta ci dala 150 ɗinta kuwa?

Ga mai son takardar shaidar cewa ya iya tsara manhaja a kan AWS, wato sabobi (manyan kwamfutoci) da kamfanin Amazon ke ba da haya ta intanet, matakin Associate ne ƙofar shiga. Tambaya 65 ce cikin minti 130, ana tsallakewa da maki 720 cikin 1000, takardar kuma shekara 3 take yi kafin a sabunta ta. Ana iya rubutawa daga gida, in dai kana da wuta da intanet da za ka dogara da su, kuma ba wanda zai leƙo ɗakin.

Abin da ya fi burge ni shi ne hadda kaɗai ba ta fitar da mutum. Sau da yawa amsa biyu ko uku duk za su yi aiki, sai kalma ɗaya a cikin tambayar ta raba gardama: wacce ta fi arha, wacce ba ta buƙatar yawan kulawa, wacce za ta tsaya ko da cibiyar sabobi guda ta mutu. Bayanan da ba a taɓawa sai shekara-shekara, ma'ajiyar AWS mai arha da ake kira S3 Glacier ce wurinsu. Oda ta yi wa saba yawa, a sa manhajar AWS mai suna SQS a tsakani ta riƙa jera su a layi. Ni da na saba rubuta manhaja, da an kawo matsala sai hannuna ya tafi kan kibod. Shirin jarrabawar nan ne ya koya mini in fara tambayar me zai faɗi idan wannan ɓangaren ya faɗi, kuma nawa za a biya a ƙarshen wata. Kashi 30 na makin kan tsaro ne, kuma hakan daidai ne.

Amma fa tambayoyin a wanke suke zuwa, an riga an faɗa maka abin da kamfani yake so. A wurin aiki mai gida cewa zai yi yana son abu mai sauri, mai arha, gobe. Gwanayen da na yi aiki a ƙarƙashinsu, gwanintarsu a nan take: su zauna da akanta da masu talla su tono ainihin buƙatar, su zana ta a allo yadda kowa zai gane, su iya cewa a'a ba tare da an ɓata ba. Zaɓi cikin amsa huɗu ba ya auna wannan.

Idan ka yi kamar shekara kana taɓa AWS da hannunka, biya ka rubuta. Idan ba ka taɓa kunna sabar haya ta AWS da ake kira EC2 ba, riƙe dalarka tukuna, ka buɗe asusu ka gina wani abu ƙarami.