Abin da na gani a cikin hob ɗin keken Holan

A garin Utrecht da nake zaune, keke shi ne abin hawan ma'aikaci da ɗalibi da tsohuwa, domin kekunan ƙasar Holan sun fi mutanenta yawa. Tsohon keke na saya, kuma ranar da tayar baya ta yi faci na sunkuya zan cire wili, sai na tarar da ƙarafan da ban taɓa gani a kekunanmu na gida ba: wata 'yar siririyar sarƙa da ta fito daga cikin gatarin, wato sandar ƙarfen da wili ke juyawa a kanta, ta hannun dama, da wani faffaɗan ƙarfe da aka ɗaure da jikin keken ta hagu, da wosha mai haƙori a bayan noti.

Mai gyaran da na kai wa bai raina tambayata ba, kuma wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Ya goge maiƙon hob ɗin, wato curin ƙarfen da ke tsakiyar wili, ya nuna mini sunan Sturmey-Archer, kamfanin da a da yake garin Nottingham na Ingila, tare da shekara da watan da aka ƙera shi, an buga su a jikin ƙarfen. Ya bayyana mini cewa giya uku suna ɓoye a ciki, ƙananan haƙora suna kewaya wani na tsakiya, kuma 'yar sarƙar nan ita ce ke jan ƙarfen da ke zaɓar giya a ciki idan mahayi ya canza giya. Ta farko tana sauƙaƙa hawan gada, ta biyu daidai take da juyin sarƙa, ta uku kuwa ta gudu ce. Faffaɗan ƙarfen hannun birki ne, irin birkin da ake kamawa da mayar da feda baya, kuma idan aka bar shi a kwance birkin ba zai riƙe ba. Woshar mai haƙori tana hana gatarin juyawa a mazauninsa. Sannan ya buɗe durowa ya ɗauko sabuwar sarƙar giya mai lamba daidai da tawa, ga keken da ya girmi yawancin ɗaliban garin.

Duk da haka raina ya ɓaci, domin sai da aka ba ni rana kamar mai ganin likita, kuma da awa ake lissafin kuɗin aiki, har ladan ya ninka kuɗin kayan. Na tuna mai gyaran unguwarmu da ke ƙarƙashin darbejiya, wanda zai kifa keke nan take, ku gaisa ya tambayi mutanen gida, ya gama kafin shayi ya huce.

Amma gaskiya ɗaya ce, 'yan uwa: guduma ta yi mana yawa. Kano ta san keken Raleigh tun zamanin iyayenmu, kuma masu gyaranmu suna da basira, sai dai idan suka ga ƙarfen da ba su sani ba sukan cire shi su jefar, ko su ɗaure wurin da waya, kuma mu masu kekunan mu ne muke matsa musu da cewa a yi mai arha a sallame mu yanzu.