Maginin da ya ƙi yi min filasta sai da muka shiga gidan maƙwabci

Ɗakin Inna ne ya fara nunawa. Wajen ƙarshen Yulin bara, bayan an yi ruwa biyu masu ƙarfi a jere, ta aika a kira ni ta ce in zo in shinshina bayan gadonta. Wari ne irin na tufafin da aka naɗe ba su gama bushewa ba. Da muka janye gadon sai ga bango ya yi duhu tun daga ƙasa har kusan gwiwata, fentin ya kumbura ya yi ƙuraje, in ka danna da yatsa ya fashe wani farin gari kamar kanwa ya zubo. Adakar littattafan marigayi mahaifinmu tana jingine a kusurwar. Na ƙasa-ƙasan duk sun manne da juna, fumfuna ta cinye musu gefe. Wannan ya fi lalacewar bangon yi min ciwo.

A Mabera muke, kuma duk wanda ya san Sakkwato ya san Mabera da ruwa ba baƙin juna ba ne. Amma gidanmu bai taɓa yin haka ba. An gina shi a 2011, shekara guda bayan ambaliyar da ta yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Danfodiyo, lokacin tsoron ruwa bai fita daga zukatan mutane ba, don haka Baba ya tsaya kai da fata sai da aka ɗaga gindin ginin sosai. Damina goma sha uku ta wuce ko ɗigon danshi ba mu gani ba. Abu ɗaya ne ya canza. Filin da ke bayanmu wani Alhaji ya saya ya gina, da rani ya kawo tifa-tifa na marmara ya yi ciko, ya shimfiɗa intalok, sannan ya ja kwamin furanni a jikin katanga. Katangar kuwa, kamar yadda ake yi a unguwanninmu, bangon ɗakin Inna ne da kansa, shi ne iyaka. Gidan ya yi kyau, gaskiya, har na yi masa barka. Ban kawo komai a raina ba.

Maginin farko ba zan daɗe a kansa ba. Ya zo ya duba minti biyar, ya kankare, ya yi sabuwar filasta, ya ce a shafa fentin mai domin shi ruwa ba ya ratsa shi. Na biya. Mako uku kacal danshin ya dawo, wannan karon har ƙugu, fentin na saɓulewa falle-falle kamar fatar maciji.

Wanda nake son yin magana a kansa shi ne na biyu. Wani mai buga bulo da nake sayayya wurinsa ne ya haɗa ni da shi. Dattijo ne, zai kai shekara 60, ya zo a kan wani tsohon babur, bayansa ɗaure da ƙullin siririn tiyo fari mai nuna abin da ke ciki, da kurfi da guduma, fensir a bayan kunne. Kafin ya shiga ya faɗa min kuɗin dubawa daban ne, naira 5,000, ko an ba shi aikin ko ba a ba shi ba. Na ɗan ji haushi, don ban saba jin magini ya karɓi kuɗin kallo ba. Ya shiga ɗakin ya tsuguna, ya shafa bangon, ya ɗanɗana farin garin a harshensa, ya ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya yana sauraro. Na ce masa, “Baba, filasta nake so a sake, amma mai kyau wannan karon.” Bai ko ɗago kai ba ya ce, “Malam, wanga ba aikin hilasta ba na. Ba ni taɓa bangon ga sai mun san inda ruwa ka hitowa. In kuɗɗinka sun yi maka yawa, ka kai masallaci.”

Sai ya sa kurfi ya huda bulon da ke can ƙasa, dab da daɓe. Wallahi ruwa ne ya tsiyayo, ba danshi ba, ruwa sosai, ya kai rabin kofi. A nan ya yi min bayanin da ban taɓa ji ba duk da shekarun da na yi ina sayen bulo. Bulo mai inci 9 ramuka biyu ne a cikinsa, in ba a cika na gindin gini da kankare ba, to tulu ne aka jera. Sannan akwai layin da magina ke kira dipisi, inda ake shimfiɗa leda ko a zuba kankare don danshin ƙasa kada ya hau bango. Layin yana aiki ne muddin ƙasar waje tana ƙarƙashinsa. Ranar da ƙasa ta haura shi, ruwa ya samu gada, ta gefe zai shigo ba ta ƙasa ba. Fentin man da aka shafa kuma toshe wa bangon numfashi ya yi, ruwan ya rasa mafita ya ƙara hawa sama. Farin garin nan gishirin da ke cikin bulo da yashi ne, ruwa ya narkar da shi ya fito da shi fili.

Ya ce dole a shiga gidan Alhaji. Nan ne cikina ya ɗuri ruwa. Mutum ne da muke sahu ɗaya da shi a masallaci, iyalinmu na shiga gidan juna, ranar sallah shi ya fara aiko mana da nama. Ta yaya zan je in ce masa ƙawar gidanka ce ke rushe min ɗakin uwa? Matata ta ce a kai wa mai unguwa. Wani abokin aikina ya ce in ɗauki hotuna in nemi lauya. Ni kuwa kwana na yi ina shirya jawabi, har da hadisin nan na babu cuta babu cutarwa, da haƙƙin maƙwabtaka, yadda zan fara da yadda zan ƙare. Dattijon ya ce in ajiye duka. “Kai dai ka yi sallama ka gaishe shi. Sauran ka bar min.”

Bayan La'asar muka shiga. Alhaji ya karɓe mu da fara'a, amma da ya ji abin da ya kawo mu fuskarsa ta canza. Ya ce, “Malam, ai ruwan Allah ne, bana kowa kuka yake da shi.” Dattijo bai yi musu ba. Ya cika tiyonsa da ruwa, ya ba yaronsa baki ɗaya ya zagaya ɗakin Inna ta taga, shi ya riƙe ɗayan a tsakar gidan Alhaji. Ruwa a cikin tiyo duk inda ka kai shi tsayinsa ɗaya ne a bakuna biyun, da haka suke gane tudu da kwari ba tare da wata na'ura ba. Suka yi alama nan da can, aka auna da tef. Intalok ɗin Alhaji ya fi daɓen ɗakin Inna tudu da inci 14. Sannan ya roƙi maigadi ya kawo bokiti biyu na ruwa ya sheƙa a tsakiyar gidan. Muna tsaye mu huɗu muna kallo, ruwan ya yi ɗan jim kamar mai shawara, sai ya miƙe ya nufi bangonmu ya shige kwamin furannin ya ɓace. Dattijon ya tambayi maigadin sau nawa yake ban ruwa. Ya ce safe da yamma, ko an yi ruwan sama ko ba a yi ba, haka aka umarce shi.

Alhaji ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya juya ga dattijon, ba gare ni ba, ya ce, “To Baba, yanzu mene ne abin yi?” Jawabin da na kwana ina haddacewa ko kalma ɗaya ban furta ba. Idan aka tambaye ni abin da na saya da naira 5,000 ɗin nan, bokiti biyun nan ne. Da ni na faɗa da bakina, da zargi ne. A wurin aka yanke cewa Alhaji zai ɗauki nauyin aikin da ke ɓangarensa, ni in ɗauki na cikin ɗaki da ladan magini rabi.

Aikin waje kwana 9 ya ci. Suka ɗaga intalok layi shida daga bango, suka tone kwamin furannin gaba ɗaya, suka haƙa rami mai faɗin ƙafa 2 har ƙasa da layin dipisi. Dattijon ya bar bangon ya sha iska kwana uku, kuma Allah ya taimake mu ba a yi ruwa ba. Sannan filasta ta waje da garin maganin ruwa a cikin kwaɓin, bayan ta kama aka shafa kwalta sau biyu, aka lulluɓe da leda mai kauri. A jikin bangon ya zuba kwata ta kankare mai gangara zuwa lambatun titi, ya sake jera intalok ɗin yadda zai karkata ya bar bangonmu. Furannin Hajiya aka mayar da su cikin tukwane aka ja su nesa. Abin da na lura da shi, ba ya yarda da yashin da aka kwaso ko'ina. Tifar farko da aka kawo ya damƙa ya ga tana ɓata hannu, ya ce laka ta yi yawa, a mayar a kawo na gulbi. Direban ya yi ta faɗa, bai kula shi ba. Siminti kuwa na Kalambaina, wato na masana'antar da ke nan Sakkwato, muka yi amfani da shi, shi da kansa yake tsayawa a kan kwaɓi yana ƙirga kwano, don ya ce yara in ka juya baya sai su ƙara yashi.

Na ciki shi ne ya gwada haƙurinmu. Ya farfashe filastar har ƙafa guda sama da inda danshin ya tsaya, ya bar bulo tsirara, ya ce kada a taɓa sai hunturu ya busa. Tun Satumba har tsakiyar Disamba ɗakin yana haka, taga a buɗe, Inna ta koma ɗakin yara tana mita kullum cewa an raba ta da wurin sallarta. Duk bayan mako biyu ko uku sai ya biyo ya ja layi da fensir a inda duhun ya sauka, ya sa ni in rubuta kwanan wata a gefe. Layukan suka riƙa saukowa kamar matakala. Da na matsa masa a Nuwamba, sai ya manna ƴar leda a bangon da salatif ya ce in duba da safe. Na duba na tarar ta yi gumi ta ciki. Na yi shiru. Sai da ledar ta kwana a bushe sau biyu ya yarda ya yi filasta, kuma ya hana fentin mai, ya ce na ruwa za a shafa, shi ma bayan mako uku.

Ba zan ɓoye aibinsa ba, don wanda zai ɗauke shi ya shirya. Ba ya rubuta lissafi. Da baki ya ce min buhu 9 na siminti zai isa duka, aka ƙare a 14, kuma bai ga abin ba da haƙuri a ciki ba, cewa ya yi wai ƙasa ba ta faɗa masa abin da ke cikinta ba kafin ya tona. Wayarsa kusan ado ce, sai ka kira sau biyar, in ya ce gobe ka ƙara kwana biyu a kai. Yaransa sun bar mana tulin ɓaraguzai a ƙofar gida sai da na nemi mai kura ya kwashe, kuma sun fasa randar Inna, wadda har yau ba ta yafe ba. Ba ya aikin tayil, guda uku da suka saki a kusurwa har yanzu ƙwas-ƙwas suke yi in an taka. Babban abin da na riƙe shi da shi kwatar nan ce, da ya bar ta a buɗe bai ce a yi mata marfi ba. Mutumin da ya san ruwa irin haka ya kamata ya san ganyen dogon yaro da ledar fiya wata. Sannan bakinsa ba linzami, in kana son a lallashe ka ba shi za ka kira ba. Ladansa ya kusa ninka na maginin farko.

Duk da haka, in bangonka ya jiƙe daga ƙasa kuma wani abu ya canza a kewayenka, maƙwabci ya yi ciko, ko an ɗaga titi, ko an sake wa indararo hanya, irinsa za ka nema. Ƙaramin gyara na tsagewar bango ko faci, ɓata kuɗi ne ka kira shi, ga jira.

Daminar bana ita ce jarrabawar. Yuli ya wuce lafiya. A tsakiyar Agusta aka kwana ana ruwa, da asuba kafin in tafi masallaci na shiga ɗakin Inna da tocila na shafa bango daga wannan kusurwa zuwa waccan. A bushe yake, sai wani ɗan wuri kamar tafin hannu a can ƙarshe. Na kira shi, abin mamaki ya ɗauka a kira na biyu, ya zo da hantsi. Ko ɗakin bai shiga ba, gidan Alhaji ya wuce kai tsaye, ya sa hannu a bakin kwatar ya zaro curin ganye da ledoji, ruwan da ya taru ya tafi a guje. Ya dube ni ya dubi maigadi ya ce, “Ku biyu kun kasa sharar kwata guda?” Na ce ai da ya sa marfi da ba a yi haka ba. Ya ce marfi aikin mai walda ne. Ranar bai karɓi ko sisi ba, ruwan sanyi kawai ya sha ya hau babur ɗinsa.

Na sa mai walda ya yi ragar ƙarfe an rufe kwatar, ni da Alhaji muka raba kuɗin. Tabon ya bushe cikin kwana goma. Inna ta koma ɗakinta tun Janairu, amma ta sa an ɗora adakar Baba a kan bulo biyu, ta ce ita ba ta yarda da bangon ba tukuna.