Doguwar ragar zomo mai kwando: ko ta dace da mai farauta da karen wifet a tuddan arewacin Ingila?

Ragar da ake magana a kanta ita ce wadda shagunan kayan farauta na Birtaniya suke sayarwa a haɗe, ba sai ka ɗinka komai ba. Raga ce ta nailan mai tsawon yadi 25, 50 ko 100, an riga an ɗaura ta a jikin sanduna, sandunan kuma suna jere cikin kwandon da ake ratayawa a kafaɗa. Wadda aka fi saye ita ce mai yadi 50, wato kusan mita 46. Hukuncina a taƙaice: kaya ne mai kyau, amma wanda zai yi aiki da ita a kan tudu tare da wifet, wani ɗan ƙaramin kare mai tsananin gudu, ya sayi guda biyu masu yadi 25 na zare mai kauri, ya bar mai yadi 50 ɗin ga mutanen gonakin kwari.

Sai an san wurin kafin a gane dalili. Tuddan Yokshaya da na Fenain ta Arewa fili ne fetal, babu itatuwa, iska ba ta hutawa, ƙasar baƙa ce mai riƙe ruwa, kuma wani gajeren tsiro mai ƙananan rassa masu tauri da ake kira heda ya rufe ta. Zomon Turai mai haƙa rami ne, ba kamar zomon dajinmu da ke kwanciya a gindin ciyawa ba, don haka ba ya son tsakiyar tudu inda ƙasa take jiƙe. Gefen tudu yake zama: makiyayar tumaki mai farin dutse a ƙasa, tarin ƙasar da tsofaffin ma'adinan dalma suka bari a wurare irin su Suweldel, da ƙarƙashin katangun duwatsu da aka jera ba siminti. Ana sa feret a ramin, wata 'yar dabba mai dogon jiki kamar tunku, ta koro zomayen waje. A ƙasa mai laushi kowane bakin rami ana rufe shi da 'yar ƙaramar raga mai zarge. A gindin katanga ko tsagar dutse wannan ba ya yiwuwa, bakunan sun yi yawa, rabinsu ma ba a ganin su, kuma babu inda za a kafa turke. Nan doguwar raga take shigowa: a kewaye wurin gaba ɗaya, zomo ya fito ta inda ya ga dama.

Abin da ke cikin kwando ba shi da yawa. Akwai igiya ta sama da ta ƙasa, ragar tana zamewa a tsakaninsu. Sandunan na faiba ne, ɗaya a kowane yadi biyar, don haka mai yadi 50 takan zo da goma sha ɗaya. Kowace sanda tana da zoben roba sama da ƙasa da ke riƙe igiyoyin. In an kafa, tsayin ragar bai wuce santimita 50 zuwa 60 ba. Idon ragar inci biyu ne ko biyu da ɗan ɗoriya daga ƙulli zuwa ƙulli. Abin da ya kamata mai saye ya fara tambaya shi ne yawan rarar raga. Raga mai kyau ana zuba yadi 100 nata a kan igiya mai yadi 50, ninki biyu ke nan. Wannan rarar ita ce take kama zomo: ya shigo da gudu, kansa ya shiga ido, ragar ta bi shi ta yi ciki, ƙafafunsa su sarƙe. In rarar ta yi kaɗan, ragar ta zama bango, zomo ya buge ta ya dawo baya, ya juya ya koma rami, kuma zomon da ya taɓa raga ya koma ƙasa da wuya ya sake fitowa ranar. Masu araha a nan suke rage kuɗi. Idan mai shago bai rubuta yawan rarar ba, a ɗauka ta gaza.

Zaren iri biyu ake yawan samu, 4z siriri da 6z mai kauri. Siririn ya fi kamu, ba musu, don yana nannaɗe zomo nan take, kuma ba shi da nauyi. Amma a tudu bala'i ne. Kowane busasshen reshen heda, kowace ƙayar da iska ta kwaso, sai ta maƙale a jikinsa, kuma tsintar su ɗaya bayan ɗaya da yatsun da sanyi ya ƙage ba ƙaramin aiki ba ne. Ga kuma kare. Wifet in ya cafke zomo a cikin raga ya ja, 4z yagewa yake yi, ido uku huɗu a lokaci guda. Shi 6z yana jure wannan, ana girgiza shi datti ya zube, illarsa kawai nauyi in ya sha raɓa ko ruwan sama. Ga mai kare, 6z ne, babu wani dogon tunani.

Inda wannan raga ta ci kuɗinta shi ne saurin kafawa. Tsohuwar hanya ita ce a warware raga daga ƙarfen da aka tara ta, a kafa ƙarshe biyu, sannan a dawo ana sa turakun itace ɗaya bayan ɗaya. Da mai kwando, ka caka sandar farko, ka yi ta tafiya da baya, igiya tana miƙewa ka zaro sanda ta gaba ka caka. Wanda hannunsa ya faɗa zai gama yadi 50 cikin minti biyu zuwa uku, shi kaɗai, ba hayaniya. Rashin hayaniyar ya fi saurin muhimmanci. Zomo yana jin takun ƙafa ta cikin ƙasa, kuma in ya san akwai mutum a sama gara masa ya tsaya feret ya yi ta yagar bayansa da ya fito. A bar tazarar yadi biyar zuwa goma tsakanin bakin rami na ƙarshe da raga, don zomo ya ɗauki gudu kafin ya iso. In an kafa daf da rami, a hankali yake zuwa, ya shinshina, ya bi gefe yana neman kafa.

Matsalolinta a tudu guda uku ne manya, kuma duka ukun tsawo yana ƙara su.

Ƙasar gefen tudu ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Tun da sandunan an ɗaure su a kowane yadi biyar, ba kai kake zaɓen inda za su faɗa ba. Sanda ɗaya ta hau ɗan tudu, ta gaba ma haka, a tsakaninsu akwai kwari, igiyar ƙasa ta rataye a iska da tazarar tafin hannu. Zomo kuwa kwarin yake bi, don nan hanyarsa take. Magani shi ne a riƙa yawo da 'yan turaku biyar ko shida masu ƙugiya a aljihu, a danne igiyar ƙasa da su duk inda ta tashi. Igiyar sama ta miƙe sosai, ta ƙasa a bar ta da ɗan sassauci don ta kwanta ta bi ƙasa. Wasu sababbin suna zuwa da igiyoyin biyu tsayi ɗaya, sai ka gyara da kanka ta hanyar zame zoben roban.

Na biyu iska. Ragar da ba a ɗaure rararta ba, iska tana kwashe ta gaba ɗaya ta tara a gindin sanda ɗaya, sauran yadi huɗun su miƙe ƙam ba ciki. Kafin a fita da sabuwar raga, a shimfiɗa ta a tsakar gida, a raba rarar daidai, a ɗaure ta da siririn zare a igiyar sama wuri biyu ko uku tsakanin kowace sanda da ta gaba. Aikin awa ɗaya ne kuma ya kamata a ce masu haɗa ta sun yi shi tun daga shago. In da hali a kafa yadda iska za ta hura rarar ragar zuwa waje, nesa da ramin. In ta hura ta zuwa ciki, rarar takan kwanta a ƙasa ta maƙale a heda, zomo ya taka ta ya tsallake.

Na uku sandunan. A baƙar ƙasa mai ruwa suna shiga da sauƙi, suna kuma kwantawa da sauƙi da zarar babban zomo ya bugi raga. A kan farin dutse kuwa a wasu wuraren ƙasar ba ta da zurfi, sanda ba ta shiga sam, in an matsa mata bakinta ya tsage, zaren faiba ya shiga hannu. A nemi masu bakin ƙarfe. Zoben roban ma yana tsufa, sanyi yana busar da shi ya fara zamewa, igiyar sama ta sauko; a sayi guda goma na ajiya tun ranar farko, ba su da tsada.

Yanzu maganar kare, wadda takardar da ke cikin kwando ba ta taɓa ta ba. Wifet ɗan ƙaramin kare ne mai dogayen ƙafafu, tsayinsa a kafaɗa santimita 44 zuwa 51, gudunsa yana kaiwa kilomita 56 a awa. Masu haƙar kwal na arewacin Ingila ne suka raya shi don tsere da kamun zomo. Fatarsa siririya ce, ƙashinsa ba kauri. A lura da tsayin igiyar sama: daidai kafaɗarsa take ko sama da ita kaɗan. Karen da bai san raga ba in ya bi zomo da cikakken gudu, igiyar za ta harɗe shi ya wuntsila, kuma a kan dutse wannan yana iya zama karaya ko gocewar yatsa. Don haka kafin ranar farauta a kafa ragar a gida, a yi ta tsallakar da shi da igiya a wuya har ya saba, sannan a sake shi ya yi da kansa. Launi yana taimakawa. Kare yana bambanta shuɗi da ruwan ɗorawa, amma ja da kore sukan saje masa da ciyawa, saboda haka igiyar sama mai ruwan ɗorawa ko fara ta fi koriya da ake yawan sawa. Zomon da feret ya koro ba ruwansa da launi.

Aikin karen a cikin da'irar shi ne ya nuna ramin da ke da zomo, ya tsaya shiru a sama yana sauraro, in zomo ya fito ya matsa masa har ya faɗa raga, sannan ya danne shi kawai har mai shi ya iso. Kare mai fizga yana lalata raga da nama duka. Kada a bar zomo a raga ko na minti ɗaya, haƙoransa suna yanke nailan kamar almakashi. A cire wa karen abin wuya mai ƙarfe lokacin aiki, don yana maƙalewa a ido. Haka ma maɓallan rigar mafarauci. Riga mai santsi ba maɓalli a gaba ita ce ta masu raga. Musulmin da ke wannan farauta yana da riba ɗaya a nan: raga da rai take riƙe zomo, ana iya yanka shi nan take, alhali yawancin mafarautan can karya wuya suke yi.

Me ya sa biyu masu yadi 25? Ramukan gefen tudu galibi dogaye ne a bin katanga, ba zagayayyu ba. Zomo ya fito, ko dai ya bi gindin katangar da gudu, ko ya ratsa ta wata kafa ya ɓulla ɗaya gefen. Raga ɗaya doguwa gefe ɗaya kawai take tsarewa. Biyu gajeru kuwa, ɗaya nan ɗaya can, kowace an lanƙwasa bakinta ya taɓa katanga, kare a gefen da iska take kaɗawa. Ga sauƙin ɗauka: tsallake katanga da jiƙaƙƙen kwando mai yadi 50 a kafaɗa, akwatin feret a ɗaya hannun, shebur a baya, ba abin da mutum zai so ya maimaita ba ne sau goma a yini. In ɗaya ta yage kuma, aiki bai tsaya ba. Tsada dai za ta ɗan ƙaru, musamman in kowace da kwandonta, ko da yake kwando babba yana ɗaukar biyun.

A cikin heda mai zurfi, wadda ta kai gwiwa, kada ma a fito da ita. Igiyar ƙasa ba za ta taɓa ƙasa ba, kuma naɗewa sai ta fi kafawa cin lokaci sau biyar. Can aikin kare ne shi kaɗai.

Doka ma tana shafar wanda ya kamata ya saya. A Ingila da Wels, dokar farauta ta 2004 ta hana bin namun daji da karnuka, amma ta ware zomon rami, muddin da izinin mai ƙasar. Zomon fili mai dogayen kunnuwa bai shiga wannan rangwame ba, kuma raga ba ta tambaya, in ya faɗa a sake shi. A Sikotlan dokar 2023 ta sa zomon rami ma cikin dabbobin da ba a barin kare ya kora ya kama, don haka tsarin da aka bayyana a nan na kudu da iyakar ne. Yawancin tuddan kuma ana kiwon tsuntsun giraus a kansu, wanda ake harbi daga 12 ga Agusta zuwa 10 ga Disamba, kuma masu gadin dajin ba kasafai suke barin kare ya shiga kafin a gama ba. Daga Maris tsuntsaye sun fara sheƙa a ƙasa, tumaki sun kusa haihuwa, zomaye ma suna da 'ya'ya a rami. Ke nan a wurare da yawa watanni biyu zuwa uku na tsakiyar hunturu kawai suka rage, lokacin da ƙasa take daskarewa sanda ta ƙi shiga. Ga kuma zomayen da suka ragu: tun cutar miksomatosis ta 1953 da ta kusa ƙarar da su, sai kuma cutar zubar jini da ta biyo baya, akwai kwarin da yake cike, na kusa da shi kuma babu ko ɗaya. A je a duba sabon kashi da sabuwar ƙasa a bakin rami kafin a kashe kuɗi.

Naɗewa ita ce take nuna wanda ya iya. A zare sanda, a girgiza ragar, a tattara rarar da hannu ɗaya ta sauka cikin kwando, sandunan su koma bisa jerin da suka fito. In aka saɓa jerin sau ɗaya, kafawa ta gaba sai an zauna warwara. A gida a rataye ta ta bushe a inuwa; nailan ba ya ruɓewa kamar zaren rama, amma rana tana cinye ƙarfinsa, ɓeraye kuma suna son ragar da ke da warin zomo. Allurar gyaran raga da ɗan ƙullin zaren 6z su zauna a gindin kwandon, a ɗinke duk idon da ya yanke tun a daren, don ido biyu da suka haɗe sun ishi matashin zomo wucewa.