Boris ɗin siramik ko na ƙarfe? Abin da na gani a kekena bayan wata bakwai

Jama'a, duk mai keken hawan dutse da ke tunanin sa boris ɗin siramik ya ɗan tsaya ya ji nawa kafin ya zuba kuɗinsa. Ni a Jos nake, kusan duk Asabar muna fita wajen duwatsun Shere da abokai, hanya ce ta tsakuwa da gangara, da rani ƙura, da damina kuma taɓo har cikin feda. Boris ɗin wilin baya na ya fara kuka, sai nace bari in gwada siramik ɗin nan da ake ta yabo, na yi oda lamba 6902 guda biyu na wili, da 6805 biyu na wajen feda, kuɗin ya kusa ninka na ƙarfe sau huɗu.

Ranar da aka sa, wallahi na ji daɗi. Mai gyara ya ɗaga keken ya juya wilin da hannu, ya yi ta juyawa kamar ba zai tsaya ba, shiru kake ji. Amma abin da ban gane ba a lokacin, wannan juyin ba ƙwallayen cikin boris ɗin kaɗai ke kawo shi ba. Yawancin irin waɗannan ana sa musu giris mai ruwa-ruwa kuma kaɗan, robar da ke rufe bakinsu ma da ƙyar take taɓa zoben, shi yasa babu abin da ke riƙe su. To da zarar ka hau da nauyinka kana faman hawan tudu, ni dai ƙafata bata ji wani bambanci ba, iskar taya da sarƙa mai datti sun fi cin ƙarfin mutum nesa ba kusa ba.

Kuma fa a sani, wanda ake sayar wa masu keke yawanci haɗi ne, ƙwallayen ne kawai siramik, wato silikon naitirayid, zoben ciki da na waje duk ƙarfe ne. Ƙwallon siramik ya fi ƙarfe tauri, nauyinsa bai kai rabin na ƙarfe ba, kuma baya tsatsa, duk wannan gaskiya ne. Sai dai ƙwallayen ƙanana ne, nauyin da ka rage a duk keken bai kai na makullin gida ba. Taurin nan kuwa shi ne matsalar a kan dutse, duk dirar da ka yi daga kan tudu ƙwallon baya lotsawa, zoben ne yake shan dukan, a hankali sai ya yi ƴan ramuka.

Haka nawa ya yi. Hunturu ya wuce lafiya-lafiya duk da na buɗe sau biyu na wanke na sake giris, amma da ruwa ya sauka, wata biyu kacal na wajen feda ya fara ƙara, ƙurus-ƙurus kamar an zuba yashi. Da muka buɗe ƙwallayen na nan fes, zoben kuwa ya yi tsatsa ya ci, ruwa ya bi ta robar nan mara kamu ya shige. Raina ya ɓaci sosai, don kuɗin ba kaɗan bane.

Yanzu a wajen feda na koma na ƙarfe, na kamfanin NTN na samu masu lamba LLU a ƙarshe, wato roba mai kamu sosai gefe biyu, aka cika su da giris mai kauri wanda ruwa baya wankewa da wuri. In ka juya da hannu baya gudu kamar wancan, har wani abokina yace ai na koma baya, amma mun ƙarasa damina babu ko ƙara ɗaya. A kula dai da jabu, ya yi yawa a kasuwa, ka duba rubutun jikin zoben da kwalin da kyau kafin ka biya.

Mai tsere a kan kwalta mai neman kowane sakan, kuma yana da halin buɗewa yana gyarawa kullum, siramik na kirki zai iya yi masa amfani. Na wilin baya har yanzu siramik ɗin ne a ciki, yana aiki, amma ranar da ya mutu na ƙarfe zan sa.